Me ya sa 'yan Baltimore suka riƙa yi wa Chris Davis ihu, kuma me ya hana a ajiye shi?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Ban daɗe da fara aiki a jihar Maryland ta Amurka ba. Abokan aikina kusan duk magoya bayan Baltimore Orioles ne, kulob ɗin wasan besbol. Da zarar an ambaci wani Chris Davis sai ka ga fuskoki sun canja, wannan ya yi tsaki, wancan ya ce a bar maganar. An ce har ihu suka riƙa yi masa a filinsu. Ni da ƙwallon ƙafa na saba, inda ɗan wasa in ya daina taɓukawa a ajiye shi a benci, kaka ta ƙare a sayar da shi. Me ya hana a yi wa wannan haka? Kuma laifin wane ne?"

Sannu da baƙunta ɗan'uwa, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Na daɗe ina bin wannan wasa, na kuma koya wa yara riƙon sanda shekaru da dama, saboda haka zan gaya maka yadda nake ganin lamarin tun daga farko: fushin abokan aikinka yana kan hanya, an ɓata musu rai da gaske, amma mafi yawan ihun da aka yi an bar jaki ne ana dukan taiki. Davis ya gaza, babu mai musun wannan. Sai dai ba shi ya rubuta wa kansa kwantiragi ba, ba kuma shi ke rubuta sunansa a jerin 'yan wasa kullum ba.

Kafin mu je can, sai ka san abin da ake nema wurin mai bugu. Mai jifa yana tsaye kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai sanda mita 18 da 'yan kai. Gwanayen masu jifa suna sako ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, ke nan ba ta cika rabin daƙiƙa ba ta iso. Mai bugu zai doke ta ya ruga zuwa tasha ta farko. Tashoshi uku ne, wanda ya zagaye su ya dawo gida, wato inda aka yi bugun, ya ci wa kulob ɗinsa maki ɗaya. In ya isa kafin a cafe ƙwallon a sama ko a riga shi kai ta can, an ce bugunsa ya ci. In aka sako masa ƙwallo mai kyau sau uku bai same ta ba, ko ya kai sanda ya kuskure ko ya tsaya yana kallo, ya faɗi ke nan, sai ya koma benci. In kuwa ya ɗaga ta ta tsallake katangar fili, wannan shi ne hom-ron, bugun da ya fi kowanne daraja. Ana auna mai bugu da yawan cin da ya yi cikin kowane fitowa 1,000. Wanda ya kai 300 gwani ne, 250 tsaka-tsaki, wanda ya gangara ƙasa da 200 kuwa aikinsa na cikin haɗari. Ka lura da wannan: gwanin gwanaye ma yana kasa ci sau 7 cikin 10.

Ranar da na fara shiga kejin atisaye, inda na'ura ke harbo ƙwallo, an saita mini ita a gudun da ko 'yan makarantar sakandare sun fi shi. Na gyara tsayuwa, na ɗaga sanda. Ƙwallon farko ban gan ta ba, ƙararta kawai na ji a jikin raga a bayana. Ta biyu na kai sanda bayan ta wuce. Can wajen ta goma na ɗan taɓa ta da bakin sanda, sai wani zogi ya ratsa tafin hannuna har gwiwar hannu, kamar na doki ƙarfe. Ita na'ura ba ta yaudara, wuri ɗaya take jefowa. Mai jifa na gaske kuwa zai sako wadda za ta zo kamar ta nufi ƙirjinka sannan ta karkata ta faɗa ƙasa, ya biyo ta da wata a hankali da irin motsin hannun da ya jefo mai sauri. Tun daga ranar na daina cewa "ai da ni ne da na buga." Mai bugu ba ya jira ya ga inda ƙwallo za ta ƙare, yana yanke shawara ne tun tana kusa da hannun mai jifa. In idonsa ko hannunsa ya yi jinkiri da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ke nan, wanda jiya ake tsoro yau ya zama abin tausayi.

A nan ne mafi yawan 'yan kallo ke haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai sanyin hannu na ɗan lokaci, akwai kuma ƙarewar ƙarfi. Kakar wasa guda wasanni 162 ce, kusan kullum ana fili daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. A irin wannan tsawo, lissafi kaɗai ya isa ya jefa ɗan wasa cikin fari. Mai cin 250 cikin 1,000, yiwuwar ya fito sau 12 a jere bai ci ko ɗaya ba ta kai kashi 3 cikin 100, kuma yana fitowa sama da sau 500 a shekara, saboda haka kusan dole ne ya gamu da irin wannan mako. Zai doki ƙwallo da ƙarfi ta tafi kai tsaye hannun mai tsaro, gobe ma haka. Wannan ba ciwo ba ne, haƙuri ne maganinsa.

Misalin da na fi so shi ne Trea Turner. Kulob ɗin Philadelphia Phillies ya ɗauke shi kan dala miliyan 300 na shekara 11, ya shiga kakar 2023 ya kasa taɓuka abin kirki. Farkon Agusta yana kan 235, mutumin da a 2021 ya fi kowa da 328 a rukuninsa, ɗaya daga manyan rukunan besbol biyu na Amurka. Mutanen Philadelphia an san su da zafin kai a kan 'yan wasansu, amma ranar 4 ga Agusta sai suka yi abin da ba a zata ba, suka miƙe tsaye suna yi masa tafi duk lokacin da ya fito bugu. Washegari ya buga hom-ron. Daga wannan rana zuwa ƙarshen kaka ya tsallake katanga sau 16, alhali a wata huɗu na baya sau 10 kawai ya yi. Mutane suna son wannan labari, ni ma ina son sa. Amma ka da ka ɗauka tafi ne ya gyara shi daga tushe. Jikin Turner lafiya lau yake, a wannan shekarar ya saci tasha, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, sau 30 ba a kama shi ko sau ɗaya ba. Kansa ne ya ɗaure, tafin ya taimaka ya kwance. Wanda ƙarfinsa ya tafi, ko garin duka ya fito ya yi masa tafi ba zai dawo da saurin hannunsa ba.

To, Chris Davis kashi na biyu ya faɗa. Kuma don ka gane zafin abin a zuciyar 'yan Baltimore, sai ka san ko shi wane ne a wurinsu. Kulob ɗin ya samo shi daga Texas Rangers a 2011, lokacin Orioles na cikin shekaru 14 a jere da ba su taɓa gama kaka da nasara fiye da rashi ba. A 2012 suka farfaɗo, yana cikin waɗanda suka ɗaga su. A 2013 ya buga hom-ron 53, ya fi kowa a duk manyan rukunan biyu, ya kuma karya tarihin kulob ɗin na 50 da Brady Anderson ya kafa a 1996. A 2015 ya sake fin kowa da 47. Ƙato ne, bahago, in ya samu ƙwallo sai ka ga kamar bai sa ƙarfi ba amma ta tafi. Yara suka cika gari da riga mai lamba 19.

Amma alamun suna nan ga mai son gani. Tsakanin waɗannan shekaru biyu masu daɗi akwai 2014, inda ya gangara zuwa 196, aka kuma dakatar da shi wasa 25 saboda an samu wani magani mai ƙara kuzari a jikinsa ba tare da izinin hukumar wasan na wannan shekara ba, har ya rasa wasannin neman kofi. A 2015 ɗin ma da ya yi fice, sau 208 ya faɗi da jifa uku. Irin wannan ɗan wasa, mai dogaro da ƙarfi kaɗai, wanda dama yana yawan kuskure ƙwallo, ba shi da wurin ja da baya. Mai bugun da ke da ido da dabarar juya ƙwallo ko'ina, in ƙarfi ya ragu sai ya koma kan dabara. Shi Davis hanya ɗaya gare shi. A haka, a watan Janairun 2016, saura wata biyu ya cika shekara 30, Orioles suka ba shi kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 161, mafi girma da kulob ɗin ya taɓa bayarwa har zuwa lokacin.

Ga yadda ta kaya. A 2016 ya yi hom-ron 38, ya tsaya a 221, ya faɗi sau 219. A 2017 hom-ron 26, ya sauka 215. A 2018 ya fito sau 470 ya ci 79 kacal, wato 168, mafi ƙanƙanta da wani mai buga cikakkiyar kaka ya taɓa yi a tarihin wasan na zamani. Wannan ba sanyin hannu ba ne, gangara ce shekara bayan shekara, kowace ta fi ta baya muni. Abokan hamayya kuma suka gano lagonsa. Da yake kusan duk ƙwallon da ya buga a ƙasa gefen dama take bi, sai su kwaso masu tsaro uku su jibge a wannan gefen, ɗaya ma ya koma can cikin ciyawa yana jira. Bugun da a da yake wucewa sai ya zama kamar ya miƙa musu da hannu. An hana wannan salon tsaro a 2023, amma lokacin Davis ya riga ya bar fili. Abin da ya fi ci wa 'yan kallo rai shi ne yawan tsayawar da yake yi yana kallon ƙwallo ta uku ta wuce ta tsakiya, sanda na kafaɗa. Daga kujera sai ka ce bai damu ba. Wanda ya taɓa koyar da bugu ya san akasin haka ne: mutumin da ya daina yarda da hannunsa yakan koma canke, ya ce wannan karon mai lanƙwasa za a sako, sai a sako miƙaƙƙiya, ya daskare. Jim Palmer, tsohon gwanin jifa na kulob ɗin da ke sharhi a talabijin, ya fito fili a 2018 ya soki Davis cewa ba ya ganin yana sauya komai. Maganar ta yi nauyi domin daga bakin ɗan gida ta fito.

Yanzu ga tambayarka ta benci da sayarwa, kuma a nan ne besbol ya sha bamban da ƙwallon ƙafa. A manyan rukunan Amurka ba a sayen ɗan wasa da kuɗin sauya sheƙa irin na Turai. Musaya ake yi, kulob ya ba da ɗan wasa ya karɓi wani, kuma wanda ya karɓa ya gaji kwantiragin yadda yake. Wa zai karɓi albashin dala miliyan 23 a shekara a kan mai cin 168? Babu. Sannan kwantiragin tabbatacce ne, ko an sallame shi gobe sai an biya shi kowace dala. Ba a kuma iya tura shi ƙaramin rukuni ya je ya gyara hannunsa sai da yardarsa, domin dokar da ƙungiyar 'yan wasa ta cim ma ta ba duk wanda ya shekara 5 a babban rukuni damar ya ƙi. Kuma a lokacin mutum 25 kawai kulob ke iya riƙewa a jerinsa, saboda haka ajiye shi a benci ma cin gurbin wani ne. Hanya biyu ta rage: a ci gaba da sa shi ana fata, ko a sallame shi a biya shi yana gida.

Akwai wani abu a tsarin da ke haifar da irin wannan kwantiragi tun asali. Matashi in ya shigo babban rukuni, kulob ɗinsa na riƙe da shi shekara 6 kafin ya samu 'yancin zuwa inda ya ga dama, kuma a shekarun farko albashi mafi ƙanƙanta ake ba shi ko da ya fi kowa. Yawanci ba ya samun 'yanci sai ya kusa 30, daidai lokacin da ƙarfin yawancin masu bugu ke fara ja da baya. Ke nan ana biyan mutum a tsufansa ladan aikin ƙuruciyarsa. Shi ya sa ba na ganin laifin Davis da ya karɓa. Ya yi shekarun da ya fi kowa yana karɓar abin da bai kai darajarsa ba, ranar da kasuwa ta buɗe masa wakilinsa Scott Boras ya nemo masa mafi tsoka. Aikin wakili ke nan. Aikin kulob kuma shi ne ya san abin da yake saye.

Ba su sani ba, ko sun sani son rai ya rinjaye su. 'Yan jaridar Baltimore sun sha ruwaito cewa mai kulob ɗin na lokacin, lauya Peter Angelos, wanda ya saye shi a 1993, shi ne ya fi kowa son a riƙe Davis. Ina fahimtar dalilin, ɗan gida ne, jama'a na son sa, kuma da an bar shi ya tafi da an zagi kulob ɗin da rowa. Amma dubi abin da suka yi shekara guda kafin nan. Nelson Cruz ya buga musu hom-ron 40 a 2014, ya fi kowa, suka lashe rukuninsu na gabas da nasara 96. Suka ƙi ba shi shekara 4 don yana da shekara 34, ya tafi Seattle kan dala miliyan 57. A shekaru huɗun nan ya tsallake katanga sau 163. Davis kuwa a duk tsawon sabon kwantiraginsa sau 92 ya yi. Ba na cewa tsoron ɗan shekara 34 wauta ne, a lissafi yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne ka ji tsoron shekara 4 a kan miliyan 57, sannan ka rufe ido ka sa hannu a shekara 7 kan miliyan 161 ga wanda ya fi shi yawan kuskure. Suka kuma maimaita a kan Mark Trumbo, wani mai ƙarfi irin Davis, suka ba shi shekara 3 bayan hom-ron 47 na 2016, bai sake kusantar wannan adadi ba.

In kana son ka ga abokan aikinka sun yi shiru, tambaye su daren 4 ga Oktoban 2016 a Toronto. Wasan neman kofi ne da kulob ɗin Toronto Blue Jays, wasa ɗaya tak, wanda ya sha kashi an fitar da shi. Orioles na da Zach Britton, mai rufe wasa, wato mai jifan da ake sakowa a ƙarshe ya tsare nasara, wanda a wannan shekarar aka ba shi amanar rufewa sau 47 bai zubar ko sau ɗaya ba, babu mai jifa irinsa a duniya a lokacin. Wasa ya tsaya 2 da 2 har aka shiga ƙarin lokaci. Koci Buck Showalter ya ajiye Britton yana jiran sai sun shiga gaba tukuna, bisa tsohuwar al'adar cewa mai rufewa ba ya fitowa a gidan wasu sai ana kan nasara. A zagaye na 11, biyu bayan taran da aka saba yi, ya sako wani mai jifa, Ubaldo Jiménez. Mutum biyu na Toronto suka ci bugu a jere, ɗan wasansu Edwin Encarnación ya zo ya ɗaga ƙwallon farko ta tsallake katanga, aka tashi 5 da 2. Britton na can gefe ya ɗumama hannu bai jefa ko ɗaya ba. Showalter koci ne mai hankali, shi ya fitar da kulob ɗin daga rami, kuma ina girmama shi. Amma wannan dare kuskure ne babba, kuma Orioles ba su sake shiga wasannin neman kofi ba sai 2023.

Sauran kurakuran zan ratsa su da sauri. Sun ba da Jake Arrieta ga Chicago Cubs a 2013 don sun kasa gyara shi, bayan shekara biyu ya zama gwarzon mai jifa na rukuninsa. Sun daɗe suna sakaci da neman yara a Jamhuriyar Dominika da Venezuela, inda sauran kulob-kulob ke haƙo zinariya. Sun gama 2017 a ƙarshen rukuninsu, maimakon su yarda zamani ya wuce su yi musayar Manny Machado tun yana da tsada, sai suka ƙara kashe miliyan 57 a kan mai jifa Alex Cobb. Sai a Yulin 2018, saura 'yan watanni kwantiraginsa ya ƙare, suka miƙa Machado ga Los Angeles Dodgers. Ɗan shekara 26, gwanin da ya kamata a gina kulob a kansa, ya tafi, kuɗin da za a riƙe shi da su kuwa an riga an ɗaure wani kaso mai yawa a wani wuri. Suka gama 2018 da nasara 47 da rashi 115. Mutum ɗaya ba ya jawo rashi 115. Ko da an cire Davis an sa matsakaicin ɗan wasa a gurbinsa, da ƙyar a rage rashin da 'yan wasanni.

To me ya sa shi aka fi yi wa ihu? Domin shi ake gani. Mai kulob yana ɗakinsa na sama bayan gilashi, babban manaja yana ofis, amma Davis sau huɗu yake fitowa kowane dare, a kira sunansa a lasifika, a haska adadinsa da manyan lambobi a allon fili. Wanda ya biya kuɗin tikiti da na ajiye mota, ya kawo 'ya'yansa, ba shi da wata hanyar isar da saƙo sama sai ta kan wanda ke tsaye a gabansa. Ba na zargin talaka mai guminsa da ya ji haushin ganin mai ɗaukar miliyoyi yana kallon ƙwallo tana wucewa. Abin da nake cewa shi ne ihun bai taɓa isa inda ya kamata ba, kuma ya sauka kan mutumin da ya fi kowa sanin halin da yake ciki.

Farin da ya shiga tarihi ya fara ne a tsakiyar Satumban 2018, ya ƙetara zuwa sabuwar kaka. A wasan farko na gida a Afrilun 2019 an yi masa ihu a Camden Yards, filin Orioles. Ranar 8 ga wata ya wuce tarihin Eugenio Vélez na fitowa 46 a jere babu ci, a gaban 'yan kallon da ba su kai 7,000 ba, a filin da ke ɗaukar sama da 40,000. Abin da na riƙe daga wannan mako shi ne yadda zukata suka juya. 'Yan tsirarun da suka zo suka koma yi masa tafi in ya fito, domin abin ya wuce haushi ya zama ban tausayi, kuma a daren ya doki ƙwallaye da ƙarfi aka cafe. Ya kai 54. Ranar 13 ga Afrilu a filin Fenway na Boston, zagayen farko, tashoshi cike da 'yan wasansu, Rick Porcello ya sako, Davis ya doke ta ta faɗi a fili gefen dama, mutum biyu suka shigo gida. Na kalli fuskarsa a talabijin da ya taka tasha ta farko. Ya yi wani murmushi irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya, ya yi nuni a ajiye masa ƙwallon. Abokansa a benci suna ta tsalle kamar an ci kofi. Wanda bai damu ba ba ya yin irin wannan fuska. A ƙarshen shekarar shi da matarsa suka ba asibitin yara na Jami'ar Maryland kyautar dala miliyan 3, a garin da aka yi masa ihu.

Wannan bai sauya gaskiyar fili ba. Ya gama 2019 da 179, kuma a watan Agusta aka ga shi da sabon koci Brandon Hyde suna sa-in-sa a benci har sai da aka shiga tsakani. A ganina tun ƙarshen 2018 ya kamata a zauna da shi, a gode masa, a sallame shi da mutunci. Kuɗin sun riga sun tafi ko ya buga ko bai buga ba. Tambaya ɗaya ce ta rage, wa ya fi amfani a wannan gurbi yau? Boston Red Sox sun yi haka da Pablo Sandoval a 2017, suka sallame shi da bashin sama da dala miliyan 40 a kansu, suka ba matashi Rafael Devers wurin, shekara mai zuwa suka ci babban kofin besbol na Amurka, wato World Series. Abin da ke hana shugabanni irin wannan mataki shi ne sallamar tana nufin amsa kuskure a bainar jama'a. Ci gaba da sa shi kuwa yana jinkirta ranar, kuma kafin ta zo wani ne ke shan ihun. Wannan shi ne abin da na fi riƙe wa shugabannin Orioles na wancan lokaci, ya fi mini kwantiragin kansa ciwo. Kuskuren lissafi kowa na yi. Amma ka bar mutum shekara uku yana fita kullum gaban jama'a yana kasa abin da kai ma ka san ba zai iya ba, wannan bai yi wa kulob amfani ba, bai yi wa 'yan kallo ba, shi ma bai yi masa ba.

Davis ya buga wasa 16 kacal a gajeriyar kakar 2020, aka yi masa aiki a ƙugu a 2021, ya yi ritaya a watan Agustan shekarar. Showalter da babban manaja Dan Duquette sun tafi tun ƙarshen 2018, Mike Elias ya zo daga Houston ya rushe ya sake gini. An sha wuya, rashi 108 a 2019 da 110 a 2021, amma daga zaɓen matasa suka samo Adley Rutschman da Gunnar Henderson, a 2023 suka ci wasa 101 suka lashe rukuninsu. Iyalan Angelos suka sayar da kulob ɗin a 2024. Rabon Orioles da kofi dai tun 1983, kuma yawancin abokan aikinka ko ba a haife su ba ko suna yara, shi ya sa damar da aka ɓarar tsakanin 2014 da 2018 take musu ciwo haka. Sunan Davis kuma ba zai bar bakinsu da wuri ba saboda wani dalili na takarda: dala miliyan 42 daga cikin kwantiragin an jinkirta biyansu, ana ba shi kashi-kashi kowace shekara har zuwa 2037. Duk ranar da biyan ya zagayo jaridu su tuna musu, su kuma su yi tsakin da ka ji.